Neman shawara: wace jaka ce za ta riƙe min sandar sunuka ba ta karkace ba?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan jakar sandar sunuka, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka daɗe suna yawo da sandarsu a titunan nan namu.

Tun tasowata da sandunan shago nake wasa, irin waɗanda ake jinginewa a bango kowa ya zo ya ɗauka. Wanda ya saba da su ya san halinsu, in ka mirgina ɗaya a kan tebur sai ka ga tsinin yana ɗagawa yana sauka. Bana Allah Ya hore, yayana da ke zuwa Dubai saro kaya ya taho min da tawa ta kaina. Mai rabi biyu ce, a tsakiya daidai ake kwance ta. In an haɗa ta tsawonta inci 58, wato kowane rabi inci 29, nauyinta oza 19. Gaban da itacen maple aka yi shi, fari tas, fatar tsinin milimita 13. Ya kuma ƙaro min gaba na biyu saboda tsaro, ke nan abin da zan riƙa ɗauka guda uku ne: mariƙi ɗaya, gaba biyu.

Matsalar ita ce jakar da ta zo da ita. Yadi ne kawai mai zif, kana iya naɗe ta ka sa a aljihu. Ni kuma ba mota gare ni ba. Da safe nake fita da sandar zuwa shagonmu a Kantin Kwari, ta yini a can, bayan magariba in wuce wajen wasa a Sabon Gari, wani lokaci a adaidaita sahu, wani lokaci abokina ya goya ni a mashin ɗinsa. Kun dai san adaidaita, mutum uku a baya ga buhun wani a kan ƙafarka. Ƙarshen mako kuma nakan leƙa Zariya wajen abokan wasa, a motar tasha, inda kaya sai yadda kwandasta ya ga dama ya danna su.

Na duba a intanet da wajen masu sayar da kayan wasanni, iri uku na gani. Akwai mai laushi da aka cusa wa soso, ita ta fi araha kuma ba ta da nauyi. Akwai doguwa mai tauri da ake buɗewa daga sama. Sai akwatin alminiyom mai maɓallai, wanda gaskiya shi ya fi ɗaukar min ido. Wanne ne zai jure irin wannan zirga-zirgar? Sannan lambobin nan da suke rubutawa, 1x1, 2x2, 2x4, me suke nufi? Ba na son in sayi abu sau biyu. Kuma sandar nan kyautar yayana ce, raina zai ɓaci ƙwarai in ta lalace a hannuna.

Baba Mai Tebur, Kaduna:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya sanya alheri, Ya saka wa yayanka.

Ina da tebura a nan Kaduna, sandunan da suka mutu a gabana ba su ƙirguwa. Abin da zan fara gaya maka shi ne, ba kasafai sanda ke karyewa biyu ba. Karkacewa take yi a hankali mai ita bai sani ba, sai ranar da ya ga ƙwallo tana kauce masa ya rasa dalili. Gaban sanda siriri ne, nauyi kaɗan in ya daɗe a kansa ya isa ya canza shi, balle a haɗa da zafi.

Don haka mai soson nan cire ta daga lissafi. Soso yana hana ƙarzuwa, ba ya hana lanƙwasa. In buhun masara ya kwanta a kanta daga Kano zuwa Zariya, soson zai lotse ne, nauyin ya sauka a kan itacen. Ta mai mota ce, wanda zai ɗauko daga ɗaki ya ajiye a kujerar baya.

Akwatin alminiyom yana da kyau a ido, yana kuma da nasa amfanin, amma ba naka ba ne. Da yawa daga cikinsu an yi su ne don irin sandar 'yan Ingila, wadda mahaɗinta ke can ƙasa kusa da mariƙi, gaban ya haura inci 40. Shi ya sa kake ganin akwatin da tsawo haka. In ka sa naka rabin mai inci 29 a ciki, sintiri zai riƙa yi. Ko ka dace da wanda ya yi daidai da tsawon taka, da hannu ake riƙe shi, ba a ratayawa a baya, to yaya za ka yi da shi a bayan mashin? Masu arahar kuma siririn falle ne aka lulluɓa a kan katako maras kauri. Kusurwa ta bugu ta lotse, maɓalli ya daina kamawa, wata rana ya buɗe da kansa a tsakiyar titi.

Mai taurin nan da ake buɗewa daga sama, ita za ka nema. Amma ita ma ba duka suka zama ɗaya ba, a waje duk kyansu ɗaya, a ciki ake cutar mutum. Ka tafi shagon da sandarka a hannu, kada ka saya da ido. Leƙa ciki ka tabbatar kowane guntu yana da raminsa daban tun daga sama har ƙasa. Wasu a baki kawai suke raba ramukan, can ciki fili guda ne, sai mariƙi da gaba su riƙa gogar juna, ƙarfen mahaɗi ya yi wa farin itacen tabo. Zura yatsa ka ji abin da aka shimfiɗa, ya zama yadi mai laushi, ba roba tsirara ba, kuma kada ka ji busasshen gam mai kaifi a bakin ramin. Daga nan ka sa sandar ka rufe, ka kawo jakar kusa da kunnenka ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, ajiye musu abinsu. In shiru, kifa ta murfin ya koma ƙasa, ka ji ko sandar za ta zame ta doki murfin. Sai ka kwantar da ita ka danna tsakiyarta da tafin hannu da ƙarfi, bai kamata ta lotsa ba. Ka duba ƙasanta ma, domin nan ne ke dukan siminti duk lokacin da ka sauke ta daga kafaɗa. A sami abu mai taushi daga ciki, mai tauri daga waje.

Abin da ke fara mutuwa a jaka ba jikinta ba ne, zif ne da wurin da aka ɗinke igiyar ratayawa. Nemi zif mai manyan haƙora. In ka ga an rubuta YKK a jikinsa alama ce mai kyau, duk da cewa ana yin jabunsa. Igiyar kuma a haɗa mata ɗinki da ƙusa, ka ja ta da ƙarfi a gaban mai shagon. Gara ta tsinke a can da ta tsinke kana kan mashin.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi muhimmanci a wurina. Ko wadda ta fi kowace tsada ka saya, kada ka yarda a sa maka ita a but. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin but ya fi haka nesa ba kusa ba. Gam ɗin da ke riƙe da fatar tsini da farin zoben da ke ƙarƙashinta saki yake yi. A motar Zariya ka tsayar da ita tsakanin ƙafafunka, ko da za a yi maka magana. Itace yana shan danshi da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, kamar dai ƙofar katako da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, Janairu ya yi ta saki da kanta. Jaka ba ta hana wannan gaba ɗaya, amma in a rufe take canjin a hankali yake isa ga itacen, gaggawar ce ke karkatar da shi. A shagonku kuma kada ka jingina ta a bangon da rana ke duka, ko kusa da janareta. Ko dai ta tsaya a miƙe, ko ta kwanta a shimfiɗe ba komai a kanta.

Jikan Dukawa:

Salam. Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, ba abin da zan rage. Sai dai ɗan'uwa, ni ban ga dalilin da zai sa kuɗinka ya tafi waje ba alhali a Kano kake. Tawa a nan aka yi ta, kuma duk gwajin da Baba ya lissafa za ta ci.

Abin da ke cikin yawancin masu taurin nan na kanti ba wani abin mamaki ba ne, bututun roba ne aka lulluɓe. Ka je Kasuwar Ƙofar Ruwa wajen masu kayan famfo ka sayi paip na PVC, mai kauri na ruwa, ba siririn nan na wayar lantarki da ke lotsewa ba. Ƙarshen mariƙi kaurinsa wajen inci ɗaya da kwata ne, saboda haka ka nemi paip da cikinsa ya kai inci ɗaya da rabi. Gaba kuwa ko a wajen mahaɗi bai kai inci ɗaya ba, paip na inci ɗaya da kwata ya ishe shi har da yadin ciki. Amma ka tafi da sandar ka zura ka gani, domin lambar da ke jikin paip ba kullum take daidai da cikinsa ba. A yanka maka su inci 31 ko 32, saboda abin da za a sa sama da ƙasa. Bakin yankan a goge shi da sanfefa har ya daina kama yatsa.

Sai ka ba tela karan-miski ya ɗinka maka dogayen safa guda uku, kai da ke Kwari ba sai an nuna maka wajen yadi ba. A zura kowace safa cikin paip ɗinta, a naɗo bakinta waje, a manne ta daga wajen. Ta haka gam ba zai taɓa sanda ba ko kaɗan. A ƙasan kowane paip a yanko faifai daga sabon silifa a toshe, ya fi soson katifa domin ba ya mutuwa da wuri. Ka haɗa ukun da tef, babban a tsakiya, ƙananan a gefe, ka kai wa baduku a Kurmi ya ɗinka fata a kai, da murfi da igiya da aljihu a waje.

Inda za ka sa ido shi ne fatar. Ta saniya mai kauri za a sa a waje, ta akuya ta yi laushi da yawa ga wannan aikin. Ka zaɓi wadda aka jeme da bagaruwa ta bushe sarai, ba mai sauran maiƙo ba. Jar fatarmu tana da kyau, amma wata rininta yana zuba in ta ji gumi ko yayyafi. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a jikinta kafin a yanka, in ya ɗauki launi ka canza. Ko ta ci gwajin, kada a bar ta ko'ina da za ta taɓa itacen, har da cikin murfi. Maple fari ne, in ya sha launi ba ya fita sai an kankare, kankarewa kuma rage sanda ce. Murfin na fi son a yi masa maɗauri irin na bel maimakon zif, ƙurar hunturu ba ta barin zif ya daɗe.

Gaskiya ɗaya, za ta fi ta kanti nauyi. Amma ranar da igiya ta tsinke, wanda ya ɗinka yana nan a rumfarsa.

Abba na Sheffield:

Assalamu alaikum. Baba ina gaisuwa, Allah Ya ƙara girma. Ni karatu ya kawo ni Sheffield ta Ingila, garin da ake gasar sunuka ta duniya a zauren Crucible tun 1977, don haka nakan ga jakunkuna iri-iri.

Maganar lambobi mai sauƙi ce. Ta farko yawan mariƙi, ta biyu yawan gaba. 1x1 mariƙi ɗaya gaba ɗaya, 2x4 mariƙi biyu gaba huɗu, har su 3x5 da 4x8 akwai. Kayanka na yanzu 1x2 ce daidai da su, 2x2 ma za ta ɗauka rami ɗaya ya rage. In da ni ne 2x4 zan saya. Dalili, yawancin waɗanda suka riƙi wasan da gaske sukan nemi sanda ta daban don bugun farko na watsa ƙwallaye, saboda ƙarfin bugun nan yana daddaɗe fatar tsini ya ɓata ta. Ranar da ka sayi wannan, mariƙi biyu da gaba uku kake da su, 2x2 ta yi maka kaɗan. Amma kada ka wuce nan, 3x5 faɗinta da nauyinta ba na adaidaita ba ne.

Akwai 'yan murafu da ake murɗawa a kan mahaɗi in an kwance sanda, ɗaya a mariƙi ɗaya a gaba. Ka saye su ko wace jaka ka zaɓa, suna hana ƙura shiga zaren, suna kare ƙarfen in ya bugu. Sai dai zaren mahaɗi iri-iri ne, akwai 5/16x18, 5/16x14, 3/8x10, da Uni-Loc, dole ka san naka kafin ka yi oda. Kuma suna ƙara wa sanda tsawo, don haka ka gwada rufe jakar suna jiki.

Kamfanoni masu suna irin su Predator, Instroke da JB Cases suna yin jakunkuna masu kyau, amma wasu kuɗinsu ya kai na sandar kanta, ga kuɗin jirgi. Ban ga laifin shawarar Jikan Dukawa ba. Ƙarin da zan yi kawai, in baduku ya yi aiki da gam irin na masu gyaran takalmi, ka bar jakar a buɗe a inuwa ta sha iska sosai har warin ya fita kafin ka rufe sanda a ciki, domin tururinsa ba ya yi wa fentin mariƙi daɗi. Kan akwatin alminiyom, Baba, a nan akwai masu ƙarfi na gaske, 'yan sunuka da yawa shi suke riƙewa. Amma su daga mota sai zaure, ga mai hawa mashin maganarka ce daidai.

In wata rana tafiya ta kama ka a jirgi, ka sani a Amurka ba a barin sanda ta shiga ciki tare da fasinja, wurare da dama ma haka ne, sai dai a ɗakin kaya. Stephen Hendry ɗan Sikotland ya ci kofin duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sanda guda wadda yake riƙe da ita tun yana yaro. A 2003 yana dawowa daga Asiya, sandar ta karye a cikin kayan jirgi. Bai ƙara cin kofin ba, ko da yake tun 1999 rabonsa da shi, don haka ban ce sandar ce kaɗai dalili ba. Ni abin da nake yi, in jakar ta shiga babban akwati sai in gicciye ta a tsakiyar tufafi, kada ta tafi ita kaɗai.

Akwai kuma gaba na carbon, wato ba na itace ba, irin Revo da Predator ta fitar a 2016, wanda danshi da bushewa ba sa karkatar da shi. Ga yanayin Kano ya dace ƙwarai in aljihu ya kai. Amma mariƙin dai galibi itace ne, jakar tana nan da aikinta.

Ɗan Gwammaja:

Baba, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Yaya Jikan Dukawa da Malam Abba, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci.

Na koma wajen masu kayan wasannin da sandata. Mai taurin da na ƙyalla ido a kanta, da na haska fitilar waya a ciki sai na ga abin da Baba ya faɗa: ramuka uku a baki, zurfinsu bai fi tsawon yatsa ba, daga nan fili ne guda har ƙasa, ga farar roba tsirara. Da na girgiza ina jin mahaɗin yana dukan gaban. Akwai wata da ta yi shiru, ramukanta har ƙasa, amma igiyarta da zare layi ɗaya aka kama ta, kuɗinta kuma ya fi ƙarfina a yanzu.

Na yanke shawarar bin hanyar baduku. Malam Abba na ji maganarka kan ƙarin rami, amma paip uku zan tsaya a kai, saboda a bayana za ta riƙa yawo kuma nauyin fata ma kaɗai ba wasa ba ne. In Allah Ya hore sanda ta biyu sai a sake wata. Tambaya biyu ta rage min. In zan zura gaban, tsini ne zai fara shiga ko mahaɗi? Sannan alli a ina zan riƙa ajiye shi?

Baba Mai Tebur, Kaduna:

Madalla ɗana. Masu wasa sun kasu a kan wannan. Ni tsini nake sawa ƙasa, mahaɗi a sama da murfinsa a murɗe, shi nake kamawa in zaro, hannuna ba ya taɓa fatar. Sharaɗin shi ne ka goge allin da ke kan tsinin da ƙyalle kafin ka zura. In ba haka ba zai shafe karan-miskin tun daga sama har ƙasa, kullum ka zaro gaban ka same shi shuɗi, kuma safar da aka riga aka manne ba ta wankuwa.

Alli a aljihun waje, cikin 'yar roba mai murfi, kada ya kwana rami ɗaya da sanda. Ka gaya wa badukun ya yi aljihun da ɗan zurfi, ya ɗauki alli da ƙyalle da fatar tsini ta canji. Ranar da zai ɗinke fatar a kan paip ɗin ka je da sandar, a zura ta da murafun mahaɗinta, a girgiza a gabanka tun ba a rufe ƙasan ba. In da sauran motsi a ƙara faifan silifa ɗaya, bayan an ɗinke gyaran sai an farke.